Wai taurarin Turawa ne kawai ke kallonmu, mu ba ma saka komai a tukunyar?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha kaina, kuma ba irin tambayar da mutum zai amsa a tsaitsaye bace. Kace kana yawan jin ana maganar haɗin kan ƙasashen duniya wajen sa ido a kan ƙasa da yanayi ta tauraron ɗan'adam, amma duk sunan da ka ji in ba na Amurka ba to na Turai ne, shine kake tambaya wai mu nan Sudan da Saudiyya da sauran Afirka akwai abin da muke sakawa a tukunyar nan ko kuwa kwano kawai muke miƙawa.

Akwai mana. Sai dai ba a inda kake leƙawa yake ba, kai sama kake kallo, namu kuma yawancinsa a ƙasa yake. Ni aikin taswira da hotunan tauraro na yi shekaru ina yi, na fara a yankin Gadarif na gabashin Sudan da manyan gonakin dawa da riɗi, daga nan Khartum, yaƙin da ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023 shi ya kawo ni Jidda kamar yadda ya watsa kowa. Toh bari in gaya maka yadda na ga abin daga ciki.

Gaskiyar farko dai kar mu yaudari kanmu, manyan kyamarorin ba namu bane. Landsat na Amurka ne, tun 1972 yake ɗaukar hoto, duk kwana 16 kowane ɗaya yake dawowa kan wuri guda, ɗigo ɗaya a hotonsa mita 30 ne a ƙasa. Sentinel-2 na Tarayyar Turai ne, an harba na farko 2015 na biyu 2017, shi mita 10 yake gani kuma duk kwana 5 zaka samu sabon hoto in babu gajimare. Meteosat kuma da ke tsaye a saman Afirka yana kallon hadari duk minti 15, sabonsa ma minti 10, na wata hukumar Turai ce mai suna EUMETSAT da ke Jamus. Lokacin da muka fara aiki hoton Landsat guda ɗaya sai ka biya ɗaruruwan daloli, ofishi ya yi ta rubuta takarda wata da watanni kafin a sayo hoto ɗaya a faifai, kowa yana lallaɓa shi kamar ƙwai. A 2008 Amurka ta buɗe rumbun kyauta, wallahi ranar da na fara sauke hoton Gadarif ban biya ko sisi ba sai da na sake dubawa ko kuskure ne. Wannan kam sun yi, a faɗa musu.

Shi haɗin kan da kake ji yana da gida, ana ce masa GEO, an kafa shi 2005, ofishinsa na Janiba, gwamnatoci sama da 100 ne a ciki. Ba shi da tauraro ko ɗaya na kansa, aikinsa ya sa kowa ya kawo abin da yake da shi a zuba a faifai ɗaya. Kuma an raba shi shiyya shiyya, namu na Afirka shine AfriGEO, wanda wata cibiyar taswira da ke Nairobi mai suna RCMRD take riƙe da ofishinsa, ita tun 1975 take kuma Sudan na cikin ƙasashen da ke cikinta. A Nairobin dai akwai ICPAC mai hasashen damina na gabashin Afirka, can gida kuma a Yamai akwai AGRHYMET tun 1974, bayan farin nan da ya cinye dabbobin Sahel. Sunaye ne da yawa, kar su cika maka kai, abin da nake so ka riƙe daban ne.

Tauraro ba ya auna ruwan sama. Eh, haka na ce. Irin su Meteosat abin da suke gani sanyin saman gajimare ne. Hadarin da ya yi tsawo sosai kansa yana yin sanyi ƙwarai, wajen digiri 40 ƙasa da sifili ko fiye, sai a ƙirga awa nawa gajimare mai irin wannan sanyin ya yi a kan wuri, daga nan a yi lissafi a ce toh tabbas ruwa kaza ya sauka. Amma wa zai gaya wa lissafin cewa awa uku na gajimare mai sanyi a Gadarif milimita kaza ne, alhali awa ukun nan a Atbara wataƙila ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba? Ai ka sha gani a arewa, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, kana hango ruwan yana zubowa kamar zare amma iska busasshiya ta shanye shi tun a sama. Tauraro zai rubuta an yi ruwa, manomi kuma yana zaune da irinsa a buhu. A duwatsun Bahar Maliya kuma akasin haka ake samu, gajimaren hunturu gajere ne ba ya yin sanyin nan, ruwa ya sauka kwari ya cika, tauraro yace shi bai ga komai ba. Abin da ke gyara wannan kuskuren shine ɗan gwangwanin nan na ma'aunin ruwa da aka kafa a bayan ofishin gona ko a filin jirgi. Manyan rumbunan bayanan ruwan sama da duniya ke amfani da su a kanmu, CHIRPS na wata jami'a a Kalifoniya da ya faro daga 1981, da TAMSAT na jami'ar Reading a Ingila, dukkansu da lambobin ma'aunan ƙasa ake daidaita su. In babu gwangwani, hasashe ne kawai mai kyan launi.

Akwai wani dattijo da na sani a wani ƙauye kudu da Gadarif, Allah ya jiƙansa, shi ke karanta ma'aunin wurin. Kowace safiya in ya dawo daga masallaci ya sha shayi sai ya ɗauki kwalbar awon nan mai zane-zane, ya juye ruwan, ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da bakin ruwan saboda an koya masa in ka karanta daga sama zaka ƙara, ya rubuta a wani littafi mai baƙin bango da fensir, ranar da ba a yi ruwa ba ma sai ya rubuta sifili, ba ya barin gurbi. Ya kewaye ma'aunin da ƙaya saboda awaki. Wata rana na nuna masa taswirar ruwan sama a kwamfuta nace Baba lambarka na cikin abin da ake gyara irin wannan da shi, ya kalle ni ya yi dariya yace toh a gaya wa masu tauraron su aiko masa da sabon fensir. Bai taɓa jin sunan GEO ba har ya koma ga Allah. Ni a wurina in ana lissafin gudummawar yankinmu da shi za a fara.

Haka balan-balan ɗin da ma'aikatan arsad, wato hukumar yanayi, ke saki sama da na'ura a ɗaure, tana auna zafi da iska da laima har sama da kilomita 20. Lambobin nan ba a aljihu ake ajiye su ba, cikin ɗan lokaci suke shiga layin musayar bayanai na hukumar yanayi ta duniya WMO, su faɗa cikin manyan kwamfutocin hasashe na Turai da Amurka, su dawo maka a wayarka a matsayin gobe za a yi ruwa. Jidda ɗin nan da nake zaune tana cikin cibiyoyi 15 na duniya da ke tattara irin waɗannan bayanan suna rarrabawa. Matsalar ita ce Afirka ce ta fi ko'ina ƙarancin tashoshi, WMO da kanta ta sha faɗin cewa abin da muke da shi bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin da ake buƙata ba. Kuma ramin nan ba mu kaɗai yake cuta ba, iskar da ta tashi daga kan Darfur da Chadi ita ce ke tafiya yamma har ta zama guguwar teku a can wajen Amurka, shi yasa suma suke damuwa da tashoshinmu, ba don Allah kaɗai ba.

Inda abin ya fi fitowa fili a wurina shine maganar fara, don ita ba ta san biza ba balle iƙama, takardar izinin zama. Farar hamada tana da zagaye. Da damina tana hayayyafa a cikin Sudan, arewacin Kurdufan da Darfur da wajen kogin Atbara, in ciyawa ta bushe sai ta gangaro bakin Bahar Maliya ta yi hunturu, wajen Tokar da kudu da Bur Sudan a ɓangarenmu, a ɓangaren Saudiyya kuma Jizan da Ƙunfuda da Lis. In iska ta ba ta dama a kwana ɗaya ko biyu ta tsallake tekun. Tana iya cin kilomita 150 a yini. Garke mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da fara miliyan 40 zuwa 80, kuma hukumar abinci ta duniya FAO tace ƙaramin garke irin wannan yana cinye abincin mutum 35,000 a rana guda. Ofishin da ke bin sawunta na duniya yana Rum, su ke karɓar hoton tauraro su fitar da taswirar inda aka yi ruwa da inda ya yi kore duk kwana goma. Toh amma tauraro ba ya ganin fara. Ko ciyawar ma in ta yi tsilli-tsilli a cikin rairayi, wadda kuma ta ishi fara ta rayu, sau da yawa ba ya kama ta. Abin da taswirar ke yi shine tace wa ma'aikaci maimakon ka yi ta yawo a hamada gaba ɗaya, je ka duba kwarin can. Shi kuma ya ɗau mota ya tafi, ya sauka ya taka da ƙafa yana ƙirga nawa ke tashi a gabansa, ya tona ƙasa da hannu ya ji ko da danshi, don ita sai a rairayi mai laima take tura cikinta ta binne ƙwai wajen santimita 10, ya duba launinsu, in ya ga 'ya'yan sun fara zama rawaya da baƙi suna tafiya tare toh ya san sun fara haɗa runduna. Duk wannan ya shigar a wata na'ura da ake ce wa eLocust, ta aika ta tauraro zuwa ofishin ƙasa, daga nan Rum, daga Rum kuma gargaɗi ya koma wa kowa. Wato ɗan Sudan da ke tona rairayi a Tokar yana tsare gonar mutumin Jizan, na Jizan kuma yana tsare ta mutumin Kasala, ba su ma san juna ba.

Ka ga abin da ya faru da aka rasa wannan idon na ƙasa. A 2018 guguwar teku biyu, Mekunu a watan Mayu da Luban a Oktoba, suka zubar da ruwa a Rub'ul Khali, babbar hamadar nan ta kudancin Saudiyya, wurin da ba kowa ke shiga ba. Tauraro ya ga ruwan, har tafkuna ya gani tsakanin tuddan rairayi. Amma babu wanda ya isa wurin ya duba, ga Yaman ana yaƙi, fara ta yi zuriya uku a ɓoye ba mai damunta. Daga 2019 ta fito, ta bi Yaman ta tsallaka Somaliya da Habasha, farkon 2020 Kenya ta ga abin da ba ta gani ba cikin shekara 70, har Pakistan da Indiya ta kai. Hoto kam akwai shi tun farko, mai takawa ne babu. (Af, tunda mu mutanen soyayyiyar fara da yaji ne, kuma na ga mutanen Ƙasim na nan Saudiyya ma ba a bar su a baya ba wajen cinta, dan Allah lokacin feshi a kiyaye, wadda aka tsinta a mace ko tana layi ba ta ci bace.)

Sai kogi. Kai da ka taso kana jin labarin Mai Wurno da Sinnar ka san rayuwarmu a bakin Nilu Azrak, reshen kogin Nilu da ke fitowa daga Habasha, take. Wajen kashi 85 na ruwan da ke isa Aswan ta Masar daga tsaunukan Habasha yake fitowa, kuma ma'aunin da kowa ke kasa kunne ya ji lambarsa da damina shine na Daim, dab da iyaka. Daga can ake lissafin kwana nawa ruwan zai yi ya iso Rusairis, ya iso Sinnar, ya iso Khartum. A 2020 ruwa a Khartum ya haura mita 17 da rabi, ya wuce na 1946 da na 1988 da iyayenmu ke ba da labari, sama da mutum 100 suka rasu, dubban ɗaruruwa suka rasa matsuguni, gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata uku. A irin wannan lokacin hoton kyamara ba ya amfani sosai don sama a rufe take da gajimare, sai a koma wa rada irin ta Sentinel-1 wadda ke huda gajimare dare da rana, ruwa yana fitowa baƙi a hotonta. Akwai kuma wata yarjejeniya tun 2000 da hukumomin sararin samaniya suka yi cewa duk ƙasar da bala'i ya faɗa wa za a juya mata taurari a ba ta hoto kyauta, sannan ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna UNOSAT ya zana taswirar inda ruwa ya ci. Amma ita ma radar tana da nata makantar, rairayi mai santsi busasshe shima baƙi yake fitowa kamar ruwa, a cikin unguwa kuma gine-gine na rikita ta, dole sai wani ɗan gari ya duba yace a'a nan ba ruwa bane fili ne, can kuma da kuka bari fari ruwa ya kai gwiwa.

Kuma anan ne zaka gane cewa tauraro ba ya maye gurbin amana tsakanin maƙwabta. Lokacin da Habasha ta fara tara ruwa a madatsar Nahda a Yulin 2020, duniya ta hoton tauraro ta fara ganin tafkin yana girma. Madatsar nan tana ɗaukar ruwa kubik mita biliyan 74, an buɗe ta a hukumance Satumban 2025, kuma tana dab da iyakarmu, madatsarmu ta Rusairis na ƙasa da ita kaɗan. Hoto zai nuna maka faɗin tafki, wani tauraron ma zai auna maka tsayin ruwan, amma babu tauraron da zai gaya maka gobe da asuba injiniya zai buɗe ƙofa nawa. Wannan sai dai mutum ya ɗaga waya ya gaya wa ɗan'uwansa. Injiniyan Rusairis lambar gobe yake buƙata, ba hoton shekaranjiya ba. Ni ba siyasar madatsar nake ba, kowa da nasa ra'ayin, ina nuna maka ne cewa musayar lamba tsakanin Habasha da Sudan da Masar ita kanta gudummawa ce da babu wani Bature da zai iya bayarwa a madadinmu.

Ɓangaren Saudiyya kuma labarin ya ɗan bambanta don su akwai kuɗi. Cibiyar kimiyya ta KACST a Riyad ta daɗe tana karɓar hotunan tauraro tun shekarun 1980, sun harba SaudiSat na farko a 2000, a Disambar 2018 kuma Chaina ta harba musu SaudiSat 5A da 5B masu ɗaukar hoton ƙasa. Yarima Sultan bin Salman ya je sama tun 1985, a Mayun 2023 kuma Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni suka je tashar sararin samaniya, sunan Barnawi dai ba sai an fassara wa Bahaushe ba, ranar ai duk wani baƙin fata a Jidda da Makka kansa ya ƙara girma. Amma abin da ya fi burge ni a nan ba shi bane. Ƙura ce. An kafa cibiyar gargaɗin guguwar ƙura da rairayi a Jidda, WMO ta amince da ita ta zama ta wannan yankin, tana aiki tare da irinta da ke Basalona da Beijin. Ita ma ƙura kamar fara take, habub ɗin, wato guguwar ƙura, da ya taso daga wajen Tokar da rani yana bi ta wata kafa tsakanin duwatsu ya tsallake teku ya sauka a kan mutanen nan, kamar yadda hazon da ke rufe Kano da hunturu yawancinsa daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa. Shi kuma tauraro yana wahala wajen auna ƙura a kan hamada, don ƙasar fara ƙurar ma fara. Sai an kafa wata 'yar na'ura a ƙasa mai bin rana tana auna yadda haske ke raguwa, irin wadda aka daɗe da kafawa a wani wuri kusa da Riyad da ake kira ƙauyen hasken rana, da ta Ilori a Najeriya, da wata a Nijar kusa da Yamai. Da su ake gwada taurarin NASA a ga ko gaskiya suke faɗa.

Akwai kuma hukumar kare Bahar Maliya, PERSGA, ofishinta na nan Jidda, ta samo asali daga yarjejeniyar Jidda ta 1982, Sudan da Saudiyya da Masar da Yaman da Jibuti da Somaliya da Jodan duk suna ciki, su ke bin lafiyar murjani da malalar mai. Wani lokacin kuma tauraron ne ke faɗa wa mai gida abin da ba ya son ji. In ka buɗe hoton arewacin Saudiyya wajen Wadi Sirhan zaka ga da'irori kore kore kamar an jera faranti a hamada, gonakin ban-ruwa ne da ke zuƙo ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa tun dubban shekaru. Wasu taurari biyu masu suna GRACE da aka harba 2002, suna bin juna suna auna nauyin ƙasa, suka nuna ruwan nan raguwa yake, wani bincike na 2015 ma ya sa rumbun ruwan Larabawa a sahun farko na waɗanda aka fi matsa wa a duniya. Ita ma gwamnati ta riga ta gane, tun 2008 ta fara janye hannu daga noman alkama. A ƙarshen 2024 kuma Riyad ta karɓi babban taron duniya kan kwararowar hamada.

Toh namu taurarin fa? Akwai. Najeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, kuma yana cikin wani rukunin taurari na sa ido kan bala'i, har hoton ɓarnar guguwar Katrina ya ɗauka wa Amurka a 2005, ka ga ranar kwanon ya juya. Aljeriya ta riga ta da shekara ɗaya, Masar na da nata, Habasha ta harba a Disambar 2019, mu ma Sudan Chaina ta harba mana SRSS-1 a Nuwambar 2019. Hukumar sararin samaniya ta Afirka ma an buɗe ta a Alƙahira 2025. Ina murna da su, yaranmu sun koyi aiki. Amma in ka tambaye ni tsakani da Allah, tauraron da ɗalibin jami'a ba zai iya samun hotonsa ba sai da takarda da hatimi, alhali na Turai yana sauke shi a waya yana kwance, toh wanne ne nasa a cikinsu? Kuɗin tauraro ɗaya zai kafa ma'aunin ruwa a kowace ƙaramar hukuma ya biya masu karantawa shekaru. Sai dai shi gwangwani ba a yanka masa kirtani a talabijin.

Kuma laifinmu babba shine rowar lamba. Na taɓa zuwa wani ofishi neman bayanan ruwan sama na shekara 30 na tashoshi kaɗan, aikin kuma na amfanin manoman yankin ne ba na aljihuna ba. Aka ce in kawo takarda, na kawo, aka ce mudir, wato shugaban ofishin, ya yi tafiya, na dawo, aka yanka min kuɗin da ya fi albashina na wata, a ƙarshe wani ya ja ni gefe yace ai wannan sirrin ƙasa ne. Ruwan saman da ya sauka a kan kowa shekara 20 da suka wuce wai shine sirri. Na fita na je na sauke na CHIRPS kyauta, wanda na san bai kai nasu inganci ba. Ban ga laifin ma'aikatan sosai ba, ofishin da ba a ba shi kuɗin aiki da sayar da lamba yake biyan wuta. Amma yanzu da yaƙi ya bi ta kan ofisoshi da yawa a Khartum da Madani, kullum ina tunanin littattafan nan masu baƙin bango da ba a taɓa kwafe su an ajiye a wani wuri ba. Abin da aka raba wa duniya yana nan, wanda aka kulle a durowa Allah kaɗai ya san inda yake. Lokacin da madatsar Arba'at ta fashe a Agustan 2024 arewa da Bur Sudan, mutane suka mutu ruwan shan gari ya tafi, hoton bayan ɓarna kam an samu nan da nan, abin da aka rasa shine wanda zai ce tun da dare ruwa kaza ya sauka a kan duwatsu ku tashi. Sannan a farkon 2025 shafin FEWS NET, wanda Amurka ke ɗaukar nauyinsa tun 1985 yana gargaɗin yunwa, aka wayi gari an rufe shi na wasu watanni, daidai lokacin da Sudan ta fi kowa buƙatarsa. Wanda ya dogara da fitilar maƙwabci ai ya san ranar da zai kwana a duhu.

Bari in ba ka nawa kuskuren ma kar kace wasu kawai nake zargi. Wata shekara na zana taswirar gonakin dawa daga hoto, ta yi kyau har ina nuna wa mutane, wani yanki kore shar nace nan amfani zai yi albarka bana. Da muka je da mota sai muka tarar rabinsa adar ne, dawar dajin nan da ke shiga gona ta kashe ta, mai gonar ma ya riga ya haƙura ya bar ta. A ido daga sama ita da dawa uwa ɗaya uba ɗaya. Haka in ka kalli Gash, wajen Kasala, da Tokar zaka ga kore ka ɗauka noma ne, ashe bishiyar maskit ce ta cinye filin. Kwamfutocin nan masu koyo da ake ta yayi yanzu, in da gonakin Amurka da Faransa aka koya musu, in sun zo kan gonar da aka haɗa dawa da wake da kuɓewa a fadan biyu, wato kamar eka biyu, sai su rikice, sai an ba su misali daga ƙasarmu dubbai.

Tunda kace kana shekarar ƙarshe a karatu kuma hutu zaka je Kasala, ga abin da zan so ka yi. Ka sauke manhajar taswira ta QGIS a kwamfutarka, kyauta ne, ka buɗe asusu a shafin Copernicus na Tarayyar Turai ka sauke hoton Sentinel-2 na yankinku, na watan Satumba da na Janairu, ka jera su ka ga bambanci. In ka je gida kuma hanya ta yi lafiya, ka kunna GPS na wayarka, duk gonar da ka tsaya ka shiga cikinta kamar taku 30 kar ka tsaya a kan iyaka, ka ɗau hoto, ka rubuta kwanan wata da abin da aka shuka da ko ban-ruwa ne ko na damina, in maskit ne ka rubuta maskit. Ka nemi izinin mai gona, kuma kar ka kuskura ka ɗaga waya kusa da shingen sojoji ko gada, lokacin ba na wasa bane. In ka tara ko 200 ka turo min, zan nuna maka yadda ake ɗora su a kan hoton mu ga wurare nawa tauraron ya canka daidai. Ka gaida su Hajiya da mutanen gida.